Sigarin lantarki: Masu cewa mu kwaikwayi Birtaniya ba su bi labarin har ƙarshe ba

Tun ranar 1 ga Yunin 2025, da Birtaniya ta haramta sayar da sigarin lantarki irin wanda ake zuƙa a jefar idan ya ƙare, wasu 'yan bokonmu na Kano suka samu abin kafa hujja. A Facebook ne, a shirye-shiryen rediyo na dare ne, maganar ɗaya ce: ga Turawa ma sun hana, me Majalisar Dokokin Kano take jira? Haushina da su shi ne, kanun labarin kawai suka karanta suka ajiye waya.

Dokar ta Birtaniya na'urar da ba a yi mata caji, ko ba a sake zuba mata ruwa, ita ta hana. Tun kafin ranar ta zo masana'antun birnin Shenzhen na China sun gama shiri. Suka sa wa na'urar kafar caji irin ta waya, suka yi mata kan da ake cirewa a sa wani, suka bar launi da ƙamshi yadda suke, farashi ma bai yi nisa ba. A takarda ta cika sharaɗi. Yaron da ya saya kuwa babu abin da ya hana shi zuƙewa ya jefar kamar jiya. Ba nan suka fara ba. Tsohuwar ƙa'idar can ta ce kada tankin ruwan ya wuce mililita 2, kada kwalbar ƙari ta wuce mililita 10. Sai aka manna kwalbar 10 ɗin a jikin na'urar tana tsiyaya cikin ƙaramin tankin, abin da a da yake ba da zuƙa 600 ya koma ba da dubbai, kuma ba a taka harafi ɗaya na doka ba.

Amurka ta riga su shan wannan kunya. A Fabrairun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta hana kawunan na'urar da ake canzawa masu ɗanɗanon 'ya'yan itace, amma ta bar irin waɗanda ake jefarwa a wajen dokar. Ta wannan kafa wata irin wadda ake jefarwa mai suna Puff Bar ta mamaye makarantu. Da hukumar ta juyo kanta, sai kamfanin ya ce ai nikotin ɗinsa ba daga ganyen taba aka tatso ba, a ɗakin gwaji aka haɗa shi, saboda haka ba ya ƙarƙashin dokar taba. Sai a Maris ɗin 2022 majalisar dokokin Amurka ta toshe wannan ramin, ba a jima ba kuma aka ga wasu sun fito da sinadarin da yake aikin nikotin amma ba sunansa ke nan ba. Ita kanta China, inda wani mai haɗa magunguna, Hon Lik, ya ƙirƙiro abin a 2003, ta hana masu ɗanɗanon 'ya'yan itace a cikin gidanta tun Oktoban 2022, amma ƙofar fitar da su waje a buɗe take. Sun tsare 'ya'yansu, namu kuma kasuwa ne.

To idan ƙasashen da suke da ɗakunan gwaji da jami'ai masu bin kanti ɗaya bayan ɗaya suna bin mai ƙera na'ura a baya haka, mu da wane ƙarfi za mu bi shi? Doka tana shekaru kafin ta fita daga majalisa, mai masana'anta kuwa makonni sun ishe shi ya sauya fasali. Kuma na'urar nan ba jirgin sama ba ce: batir ne, da siririyar waya mai zafi, da auduga, da ɗan mazubin ruwa. Garin da matasan Farm Centre da titin Beirut suke tayar da wayar da kamfaninta ya sallama, a nan ne wani yake tsammanin haɗa waɗannan abubuwa huɗu zai gagara? Ranar da aka ce kada a shigo da ita a haɗe, za ta shigo a warwatse, batirin a cikin kayan waya, ruwan a kwalaben turare.

Ba ma sai mun je Landan neman darasi ba, namu ya ishe mu. Muna da dokar taƙaita shan taba ta 2015, da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaiɗai. Tsaya wajen mai tireda ko mai shayi a kowace unguwa ka ga ko an taɓa jin labarinta. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da haramta shisha. Nan Kano ma an maimaita sanarwar a zamanin Ganduje. Shishar ta bar gefen titi ta shige bayan katanga, kuɗin shiga ya ƙaru, shi ke nan. A watan Mayun 2018 aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton binciken BBC, an yi tafi, amma duk uwar da ta taɓa kai ɗanta asibitin Dawanau ta san 'yan shaye-shaye ba tuba suka yi ba, kwalba suka sauya. Yanzu kuma a ƙaro wata sanarwar, a tara 'yan jarida, a bi ta kan kwalaye da motar daɓe titi, kowa ya koma gida da hoto.

Masu nuna mana Indiya, wadda ta haramta abin baki ɗaya a 2019, su fara tambayar ko ya ɓace daga kasuwannin Delhi. Su kuma masu wa'azin cewa sigarin lantarki hanya ce ta barin taba, su kai wa dattijon Ingila da ya shekara 30 yana busa hayaƙi. Ɗalibin sakandaren da ya ɓoye mai ƙamshin mangwaro a safa bai taɓa riƙe karan taba ba.

Abin da ya kamata ya hana mu barci ruwan da ke ciki ne, da wanda ake miƙa wa. A 2019 zuwa farkon 2020 mutum 2,807 aka kwantar a asibiti a Amurka da ciwon huhu mai alaƙa da wannan zuƙe-zuƙe, 68 suka mutu. Da aka bi diddigi, babban mai laifin wani mai ne da 'yan bayan fage suke sirka ruwan wiwi da shi. Na'urar ba ta tambayar abin da aka zuba mata. A jihar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya sa ta cikin na gaba-gaba a shaye-shaye, tura wannan kasuwa ƙarƙashin ƙasa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Yau aƙalla kana ganin kantin, ka san mai shi. Gobe a WhatsApp za a yi ciniki, ɗan acaɓa ya kai har ƙofar gida, babu wanda ya san abin da aka dama a kwalbar. Ga kuma abin da masu kiran ba sa ambata ko da wasa: babbar hujjar Birtaniya shara ce, don an ƙiyasta ana zubar da kusan miliyan 5 a kowane mako, kowanne da batirinsa mai kamawa da wuta. Mu nan bola cinna mata wuta muke yi, yara 'yan jari bola na tono a gefe.

Aikin na Abuja ne kafin ya zama na Kano, wannan ma wani dalili ne da ya sa hayaniyar ta ɓata hanya. Majalisar Tarayya ta gyara dokar 2015 ta kama nikotin ko daga ina ya fito, ko a cikin me aka zuba shi, ta daina siffanta na'ura. NAFDAC ta riƙa gwada ruwan, Kwastam ta tsaya a Apapa da filin jirgin Malam Aminu Kano da tashar tsandauri ta Dala. Kano kuma ta yi abin da yake hannunta: lasisi ga mai sayarwa, da kwaɗo a ƙofar duk wanda aka kama ya miƙa wa yaro. Kada wani ya ce gwamnati ba ta da haƙori. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ci tarar kamfanin taba na British American Tobacco dala miliyan 110. Wanda ya iya wannan, mai kanti a Zoo Road ba zai gagare shi ba, sai dai idan kantin na ɗan wani ne.