Wane agogo ka duba kafin ka ce hanyarka ta fi sauri?

'Yan'uwana ɗalibai masu aiki da manhajojin lissafi irin su Maxima da Mathematica, ina jan hankalinmu kan wata gaggawa da ta zama ruwan dare. Mutum zai ba kwamfuta lissafi sau ɗaya tak, ya ga lamba a allo, sai ya rubuta a kundin bincikensa cewa hanyarsa ta fi ta abokinsa sauri, alhali bai san abin da lambar nan ta auna ba.

Agogo biyu ne a nan. Ɗaya yana ƙirga lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta shafe tana aikin, ɗayan kuwa tamkar agogon bango ne, har zaman jira yana lissafawa. A Mathematica, umarnin Timing ne na farko, AbsoluteTiming na biyu. Ka sa manhajar ta dakata daƙiƙa 2 da Pause, za ka ga na farko ya nuna kusan sifili, na biyu ya nuna 2. Maxima ma tana da elapsed_run_time a matsayin agogo na farko da elapsed_real_time a matsayin na biyu, kuma duk wanda ya gwama sakamakon ɗaya da na ɗayan ya cuci kansa.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne, waɗannan manhajoji ba su da mantuwa. A Maxima, idan ka ayyana jerin Fibonacci (jerin lambobin da kowace ke zama jimillar biyun da suka gabace ta) da baka mai kusurwa, wato f[n], duk amsar da aka samo ajiye ta ake yi. A karo na biyu ba lissafi aka yi ba, ɗauko ajiya kawai aka yi, shi ya sa amsar ke fitowa kafin ƙiftawar ido. Na sha ganin ɗalibi yana murna da irin wannan sauri, ni ma kuwa na taɓa faɗawa wannan tarko. Don Allah ku goge ajiyar da umarnin kill a Maxima, ko ClearSystemCache a Mathematica, ko ma ku rufe manhajar ku sake buɗewa, sannan ku maimaita awon sau da dama.

Haka kuma, idan amsar doguwa ce, ku rufe umarnin da alamar dala a Maxima domin kada jiran zubo ta a allo ya ruɗe ku. In kun zo rubuta sakamako, ku faɗi agogon da kuka duba, da sigar manhajar, da irin kwamfutar, har ma ko a kan batiri take, domin kwamfutar cinya takan rage gudu idan aka ɗauke wuta.