Manya Biyu, Gado Ɗaya

Tun da aka shiga babban hutu na ƙudura a raina bana sai na je Yamai ni kaɗai, in kwana a otel da kuɗina, ba a tabarmar zauren wani ba. Kuma da hannuna zan shirya komai a talho, ba sai na jira ɗan ƙanwata ya gama kallon ƙwallo ba. Uwargida ta ce Allah ya tsare hanya, zaman kar na kilomita fiye da 500 daga Tawa ba da ita ba, bayanta ba zai ɗauka ba.

Burina kaɗan ne. In sha iskar kogi da yamma wajen gadar Kennedy, in shiga gidan tarihi na Boubou Hama in ji rurin zaki da kunnena, sannan in tsaya gaban abin da ya rage na iccen Tenere da ke ajiye a can, don ina da magana da shi. Icce ɗaya tilo a tsakiyar rairayi, babu wani kusa da shi sai an yi ɗaruruwan kilomita, da shi ayarin gishirin Bilma ke gane hanya, amma a 1973 direban babbar mota ya zo ya kwashe shi. Mai ido biyu fa. Duk wanda ya ce mini "Mushe, a hankali kar ka yi karo," wannan labarin nake ba shi.

To, a fada na zauna yin aikin, don can rezo ya fi kamawa. Ga yadda nake da TalkBack, muryar da ke karanta wa makafi irina abin da ke kan talho: in shafa yatsa dama ya karanta mini abu na gaba, in buga sau biyu ya buɗe. Da WhatsApp ba mu taɓa faɗa ba. Amma shafin neman ɗakin nan, wanda ya gina shi bai taɓa tunanin makaho na da hutu ba. In shafa, a ce maɓalli. In ƙara shafawa, maɓalli. Na mene ne? Oho. Hotunan ɗakin kuwa, maimakon a rubuta ga gado ga bayi ga taga, sai talho ya hau karanto mini jerin lambobi masu tsawo. Kalandar zaɓen rana ita ma kowace rana sunanta lamba tsirara, babu wata, babu Litinin balle Talata.

Da na tsallake wannan da ƙyar, sai aka ce in tabbatar ni mutum ne, in zaɓi hotunan da ke da wani abu a ciki. Akwai wurin da makaho zai danna a karanta masa da murya, na danna, sai ga wani yana Turancin Ingilishi kamar daga cikin rijiya. Na haƙura na miƙa wa yaron mai shayi. Ya yi shiru, ya yi shiru, can ya ce, "Mushe, wai famfon kashe gobara ake nema." Irin na titunan Amurka. Talho ya zagaya fada hannu zuwa hannu, masu ido kusan goma, aka rasa wanda ya taɓa ganin abin. Wani ya ce wannan jan ne, wani ya ce a'a wannan tulun gas ne. Sai da aka sauya musu hotunan zuwa babura sannan aka yarda ni ɗan Adam ne.

Yanzu ga inda abin yake. Abin kunnena autana ya tsinke shi tun jiya, don haka muryar a fili take fita. Wannan ba ya damuna, domin gudun da na sa wa muryar ba mai ido da ke kama ko kalma ɗaya, su dai surutu suke ji. Amma da aka zo shafin ƙarshe, inda lambar ajiyar ɗaki take, sai na rage gudun sosai, na ƙara ƙarfi, don in haddace lambar. A daidai lokacin Yaya, wan uwargida, ya faka babur ya yi sallama. Wanda sai a yi wata bai leƙo fada ba.

Matar cikin talho ta fara, a natse, da Faransanci tsantsa, kowace kalma da sararinta: sunana cikakke. Yamai. Ɗaki ɗaya. Manya biyu. Babban gado ɗaya. Karin kumallo na mutum biyu.

Cokalin mai shayi ya tsaya a cikin kofi. Ni kunne ne sana'ata, na ji tsayuwarsa. Na ji an kashe rediyo. Na ji kujerar Yaya ta yi ƙara, alamar ya juyo gaba ɗaya. Na kai yatsa in tsayar da ita, yatsa ya sauka kan layin nan dai, ta sake: manya biyu, babban gado ɗaya. Na shafa baya, karin kumallo na mutum biyu. Na kifa talho a cinya, ta ci gaba da magana daga ƙasa.

Da a nan aka tsaya da sauƙi, don Yaya bai yi lakwal ba, allo ya yi. Sai Tsohon Duwan ya gyara murya. "Alhaji, ka ji abin da ta ce? Wai mutum biyu. Gado kuma ɗaya. Babba."

Wa ya tambaye shi? Mutumin nan shekara da shekaru muna fada ɗaya, ban taɓa jin ya sa dala a kuɗin sukari ba, amma shi ke fara karɓar kofin farko, mai ɗacin, har ya ce an cika ruwa. In na kawo takardar asibiti na ce Duwan karanta mini, sai ya ce ya bar tabarau a gida. Ranar nan ba a nemi tabarau ba. Shi ne kuma wanda in zai gaishe ni sai ya ɗaga murya har a ji a tasha, na gaya masa ya fi a ƙirga cewa ido ne babu, kunne lafiya lau. Kuma har yau jikka biyun da ya ara ranar sunan auta, wai zai ba mai babur canji, ba ta dawo ba. Na san zai ji wannan, don jikarsa na karanta masa Facebook. Duwan, jikka biyu.

Na ce, "Yaya, wallahi haka shafin yake zuwa. Duk wanda ya buɗe, manya biyu yake tararwa an riga an rubuta, sai ka nemo wurin ragewa, wurin ragewar kuma ba shi da suna."

Yaya ya ce, "Uhm."

Na ce a ba yaron mai shayi ya buɗe a tasa wayar ya gani. Yaron ya ce ba shi da kredi. Duwan ya ce ai ba abin kunya ba ne, addini ya yarda har huɗu, sai dai a bi ta ƙofa. Wani daga baya, na gane muryarsa sarai, ya tambaya ko Bazabarma ce. Yaya ya sha shayinsa har kofi na uku bai ƙara cewa uffan ba, ya tashi babur. Bai ce in gaida gida ba, don can ya nufa.

Kafin sandata ta kai ni ƙofa labari ya riga ni. Na tarar an ajiye tuwo, an rufe, ba sannu da zuwa. Na fara bayani tun daga famfon gobara. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "To madalla. Tunda an rubuta biyu, ni ce ta biyun. Bayan ya warke."

Tiken kar ya zama biyu ke nan. Ta riga ta buga wa gwaggonta da ke Bukoki, gwaggo ta ce ɗiyarta ba za ta zo Yamai ta kwana otel ba tana raye, akwai zaure. An tsara mini kwanakin duka: Babbar Kasuwa, Katako, gaisuwar rasuwa biyu, da wani biki a Harobanda. Da na ambaci zaki ta ce in Allah ya sa an samu lokaci.

Ɗakin otel ɗin yana nan da sunana, tun shekaranjiya nake neman inda ake sokewa, duk maɓalli ne. Ɗan ƙanwata ya ce zai duba bayan an tashi wasa. Duwan kuma ya aiko wai in taho masa da kilishi.