Masu ba da hayar kayan nutso, ku ji tsoron Allah

Wai yaushe wasu shagunan nutso na gaɓar Bahar Maliya za su daina wasa da rayukan mutane? Ka biya kuɗin haya cif, a miƙo maka na'urar numfashin da robar bakinta ta sha tauna, tiyonta ya tsattsage, gishiri ya daskare a matatarta. Yaron shago ya danna maɓalli, iska ta yi fuu, ya ce lafiyarta ƙalau. A kan tudu, tukunyar iska cike da bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), ai ko wace ruɓaɓɓiyar na'ura za ta ba da iska!

A ƙarƙashin ruwa ake gane ta. A zurfin mita 30 matsin ya ninka na tudu sau huɗu, iskar ta ƙara kauri, tukunya kuma tana zurarewa ninki huɗu. Sashen da ke ɗaure a bakin tukunya shi ke karya ƙarfin iskar zuwa bar 9 ko 10 sama da matsin ruwa, sannan na bakinka ya ba ka gwargwadon zuƙarka. Masu arahar nan masu fistin, waɗanda ba a ƙera su da abin daidaita matsi ba, ƙarfinsu yana sauka ne tare da tukunya. Idan ana kula da su, da sauƙi. Idan ba a kula, to sai addu'a.

Irinta aka ba ni a Masar ranar da muka sauka kan Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a 1941, wanda ke kwance a kusan mita 30. Da farko ba laifi. Allurar agogon da ke nuna matsin iskar tukunya na saukowa wajen bar 80, numfashi ya zama kamar zuƙar kunu mai kauri ta cikin kara. Duk zuƙar da na yi sai allurar ta fāɗi ta dawo, alhali bakin tukunya a buɗe yake har ƙarshe: matata ta toshe ke nan. Kuma wahalar zuƙa ba gajiya kaɗai take jawowa ba. Gurɓatacciyar iskar da ya kamata jiki ya fitar sai ta taru, kai ya ɗau sara, zuciya ta ce ka zabura sama, wanda shi ne babban haɗarin. Da iskar abokin nutsona na hau a hankali, muka yi tsayuwar minti 3 a mita 5.

Da na yi magana, mai shagon bai ko ɗago kai ba, wai firgita na yi. Firgita ce ke kaɗa allura? Na ce ya nuna mini takardar gyaranta na ƙarshe, tunda kamfanoni da yawa sun ce a kwance ta a duba duk shekara. Ya yi ta kame-kame. Kuɗina bai mayar ba, wannan ma na yafe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ina tsaye ya ɗauraye ta, ya rataye ta cikin kayan da za a ba masu zuwa gobe.