Ja Ne Ko Kore? Rigima a Teburin Mai Shayi

Aboabo, Kumasi, bayan isha'i. Ɗan Boko ya dawo daga jami'ar Tech da wani kwali a hammata.

Ɗan Boko: Baba Alhaji, kar ka karanta abin da na rubuta, launin tawadar kawai za ka faɗa. In ka yi goma ba kuskure, shayinka na yau a kaina.

Alhaji: Ni da nake ƙirga goro tun kafin a yi wa ubanka kaciya? Ɗaga mu gani. Ja!

Ɗan Boko: Kore ne Baba. "Ja" na rubuta, amma da koriyar tawada.

Alhaji: To ai wannan munafunci ne! Sake. Shuɗi... a'a rawaya... kai wallahi ido ya gani amma baki ya riga ni.

Ɗan Boko: Ba kai kaɗai ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Stroop ya gwada ɗalibai a 1935, launi 100 in babu rubutu kusan daƙiƙa 63 suke yi, amma da rubutun ya saɓa wa tawadar sai da suka kai 110. Karatu ya zama jiki, ko ba ka kira shi ba sai ya zo.

Direba: Ai mu mun ga wannan a titi. Ina yaron mota ranar 4 ga Agusta 1974 da aka ce Gana ta koma hannun dama, maigidana ya kwana yana dama dama dama kamar mai lazimi, gari na wayewa ya nufi tashar Kejetia ta hagu abinsa yana zagin duk wanda ya taho wai bai iya tuƙi ba.

Ɗan Boko: Yauwa Oga! A tsakiyar ƙwaƙwalwa ta gaba akwai wani yanki, antiriya singulet, shi ne yaron mota, da ya ga amsa biyu na karo sai ya hau dukan jikin mota. Direban kuma yana nan bayan goshi, shi ke riƙe da doka, launi aka ce, ba rubutu ba. Da aka sa mutane a na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna ta maimaitawa, sai aka ga dukan yaron motar na raguwa.

Direba: Yaron motar da ya rage surutu? Wannan a ƙwaƙwalwa kawai ake samunsa.

Alhaji: Ni dai kaina ba trotro motar haya ba ne.

Mai Shayi: Alhaji tsohuwar trotro ce ma. Tun 2007 aka yanke wa kuɗinmu sifili huɗu, amma har gobe sidi ɗari miliyan ɗaya kake ce masa.

Malam: Kawo kwalin nan yaro. Kore. Baƙi. Ja. Rawaya. Shuɗi. Saura?

Alhaji: La ilaha! Malam wane laƙani ka sha?

Malam: Tawakkali ne kawai.

Ɗan Boko: Malam bai iya boko ba ne Baba, rubutun bai ce masa komai ba. Bari in juya kwalin, na yi wani da ajami.

Malam: Ja... astagfirullah, kore... kai ɗan nan, da wa ka haɗa baki?

Alhaji: To yanzu in na dage zan ci shayin nan ko kuwa?

Ɗan Boko: Za ka matso. Shi Stroop kwana 8 ya sa su suna yi, tuntuɓen ya ragu sosai amma bai tafi duka ba. Abin dariyar ma, da aka ce to yanzu ku karanta rubutun, sai launin ya fara taɗe su, na ɗan lokaci.

Alhaji: Wato in biya kuɗin makaranta in koyi mantuwa. Mai Shayi, ungo sidi goma, ba ni canji in tafi.

Mai Shayi: Alhaji wannan ja ce. Sidi ɗaya.

Alhaji: Kore na gani, ba ka ji abin da yaro ya ce ba? Ƙwaƙwalwa ce ke karo.

Mai Shayi: Tawa ta daina karo tuntuni, kullum a kanka nake atisaye. Koriyar na aljihun hagu, ita za ka ciro.