Binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa: inda na yarda da inda na ƙi

Jama'a, duk taron sauyin yanayi da za a yi yanzu sai kun ji kamfanonin mai suna tallar wata dabara: a tare iskar kabon, wadda take ɗumama duniya, tun a bakin masana'anta kafin ta hau sama, a matse ta, a tura ta can ƙasa cikin dutse mai shan ruwa kamar soso, a zurfin kilomita guda ko fiye, ta zauna.

Abin yana yiwuwa, ban musa ba. Tun 1996 ƙasar Norwe take yin haka a filin gas na Sleipner, ƙarƙashin teku. Abin da ya sa kamfanin da ke haƙo gas ɗin ya yi kuwa, gwamnati ce ta ƙaƙaba harajin kabon a 1991, binnewa ta fi biyan harajin sauƙi.

Amma mu ƙidaya. Duk wuraren kama kabon na duniya, idan aka haɗa su, ƙarfinsu kimanin tan miliyan 50 ne a shekara. Ƙona kwal da mai da gas kuwa yana fitar da sama da tan biliyan 35. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ba a kai ba, bayan kusan shekara 30 ana abu ɗaya. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mafi yawan iskar da ake kamawa cikin tsofaffin rijiyoyin mai ake ɗura ta don ta koro sauran man da ya maƙale. Wato an kama hayaƙi don a haƙo wani man da za a ƙona. Tashar kama kabon ta Petra Nova a Texas ta Amurka, mai tura iskar cikin rijiyoyin mai, ta fara aiki a 2017, da farashin mai ya faɗi a 2020 sai aka rufe ta har 2023. Da iskar da muke shaƙa ce abin damuwa, me ya haɗa ta da kuɗin ganga?

Nan Afirka ma an gwada. A In Salah, cikin Saharar Aljeriya, an binne tan miliyan 3.8 daga 2004, har tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar wurin tana ɗan kumbura. A 2011 aka dakata saboda fargabar dutsen da ya rufe iskar zai iya tsagewa.

Inda na ga dabarar ta dace shi ne siminti. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi, da kansa yake sakin kabon idan aka gasa shi, ko da hasken rana ka hura wutar. Babu hanyar kaucewa mai sauƙi, kuma gidaje da gadoji dole a gina su. A Brevik ta Norwe an tsara wata masana'antar siminti ta riƙa kama tan 400,000 a shekara. Nan ya kamata kuɗin su tafi.

Mu kuma a Najeriya, da muka yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa za mu daidaita hayaƙinmu nan da 2060, wato kabon da muke fitarwa kada ya wuce wanda ake cirewa daga iska, wallahi kafin mu kai ga binne kabon akwai aiki a gabanmu. Har yau ana ƙona gas a banza a Neja Delta dare da rana, mutanen wurin suna shaƙar baƙin hayaƙi, alhali mata a ƙauyukanmu da itace suke girki. A fara kashe waccan wutar, a tara gas ɗin ya shiga tukunyar girki da tashar lantarki.