"Baba, Ka Huta": Kalmar da Ke Tsufar da Iyayenmu a Abuja

A watan Oktoban 2024 Janar Yakubu Gowon ya cika shekara 90, hankalinsa garau, yana halartar taruka yana jawabi. Olusegun Obasanjo ya kammala digirin digirgir a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 2017, yana da kimanin shekara 80. A Maleshiya kuwa, Mahathir Mohamad ya sake zama firaminista a 2018 yana da 92. Duk sanda aka ambaci irin waɗannan a majalisa, aka tambayi abin da ya sa tsufa bai kwantar da su ba, amsa ɗaya ake bayarwa: ai kuɗi ne.

Ban musa ba, kuɗi na da nasa rabon. Obasanjo da bakinsa ya sha faɗin cewa ya haura shekara 30 da ciwon suga. Abin da ya bambanta shi da talakan da ciwon ya kwantar shi ne gwaji a kai a kai, magani ba yankewa, kula da abinci da motsa jiki. Sannan mu tuna, waɗanda suka tsira kaɗai muke gani. Manya nawa ne gigin tsufa ya kama, iyalansu suka killace su a ɗaki, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba?

Sai dai ni abin da na fi lura da shi a wurin dattawan nan shi ne, ba a daina buƙatarsu ba. Kullum akwai mai neman shawara, akwai rigimar da za a sasanta, akwai jawabin da za a shirya. Dubi marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule. Idanunsa sun tafi shekaru kafin rasuwarsa a 2017, amma in ya karɓi lasifika sai ya zubo tarihin Jamhuriya ta Farko da ka, suna bayan suna, har zauren ya yi tsit. Mutumin da ake gayyata lacca, ake tururuwa gidansa a yi masa tambaya, yaushe ƙwaƙwalwarsa za ta samu damar yin tsatsa?

Likitoci ma sun zo kusa da wannan magana. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa na da nasaba da abubuwa 14 da za a iya magancewa. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba da rashin motsa jiki, waɗanda kowa ya sani. Amma akwai kuma raunin ji, raunin gani, da kaɗaici. Ukun nan sarƙe suke da juna. Tsohon da ba ya ji sosai sai ya gaji da cewa "me ka ce?", ya daina shiga hira. In ya daina hira, mutane su rage zuwa. Daga nan sai zaman shiru.

A nan ne mu mazauna Abuja ya kamata mu dubi kanmu. Da zarar Allah ya buɗa wa mutum, sai ya ɗauko mahaifinsa daga Katsina ko Azare ya kawo shi Gwarimpa ko Lokogoma, cikin gida mai doguwar katanga da maigadi. Niyyar kyakkyawa ce, neman albarka ne. Amma tsohon da ya saba taka ƙafa zuwa masallaci sau biyar, ya zauna a dakali bayan la'asar, ya je ɗaurin aure da jana'iza, ga shi yanzu daga shi sai talabijin. Maigida da uwargida sun fita aiki tun safe, jikoki suna makaranta, in sun dawo ma Turanci suke yi. Ya ce zai fita, a ce babu direba. Ya ɗauki tsintsiya ko butar ban ruwa, a karɓe: "Baba, ka huta."

Na yi wannan kuskuren da kaina. Mahaifina tsohon malamin firamare ne, ya yi wata bakwai a gidana, na ga yana ta rage magana har na fara tsoro. Wata rana na ce, "Baba, ko mu koma asibiti?" Ya ce, "Ba ciwo nake ba, ɗana. Ba ni da abin yi ne." Maganar ta tsaya mini a rai.

Mun kai shi an duba ido, aka cire masa yana a na hagu, aka daidaita maganin hawan jininsa. Sannan na roƙi limamin masallacin layinmu ya ba shi yara su riƙa biya karatu a gabansa bayan magariba. Yara shida aka fara da su. Yanzu sun kai goma sha biyar, iyayensu ma kan tsaya a gaisa, hira ta ɓarke. Makon jiya na dawo daga aiki na tarar da shi a bakin ƙofa, ya tsare wani yaro a kan lissafin raba dogo, ya ce ba zai tashi ba sai ya gane inda ya ɓata.