Masu ɗakunan saukar baƙi, a ji tsoron Allah wajen rubuta kuɗin haya

Disamba ta wuce, baƙi daga Amurka da Ingila sun cika ɗakuna a unguwannin Madina, Nima har East Legon na Accra, Ghana, kuɗi sun shigo ta Airbnb (manhajar kama ɗaki) da MoMo (tura kuɗi ta waya). Alhamdulillahi. Sai ga shi an fara raɗa: "Alhaji, rubuta rabi kawai a takardar haraji, wa zai sani?"

Haba ɗan'uwa! Baƙo ya yi kwana ashirin ka rubuta goma, ka sa hannu a ƙasa. Ƙarya ce, ko da kana sahun farko a masallaci. Wani kuma sai ya ce baƙo ya tura kuɗin ta lambar Hajiya ko ta ɗansa, ya jawo su cikin laifin da ba su ji ba su gani ba. Kuma zakkar da ka fitar ba ta wanke wannan sa hannun.

Gyaran ba shi da wuya. Tun 2021 lambar katinka na ɗan ƙasa, Ghana Card, ita ce lambar harajinka. Ware layin MoMo ɗaya na haya kaɗai, don kuɗin cefane da na baƙi in suka cakuɗe, kai kanka ba za ka iya rabewa ba. Buɗe littafi: ranar shiga, ranar fita, kuɗin kwana, abin da Airbnb ta cire, kuɗin wuta, ruwa da wanki. Dokar ta ce a ajiye takardu shekara 6.

Harajin hayar gidan zama kashi 8 ne cikin ɗari, na shago ko ofis kashi 15. Amma ɗakin da ka sa wa gado, kana canza zanin gado duk bayan kwana biyu, sana'ar masauki ce. Kada ka zaɓar wa kanka mai arha, ka je ofishin GRA, hukumar haraji ta Ghana, su faɗa maka inda ka faɗa. Ka kuma tuntuɓi hukumar yawon buɗe ido kan lasisi da kashi 1 da ake karɓa a hannun baƙo.

Takardar haraji ta shekara tana shiga kafin 30 ga Afrilu ta wuce. Wanda ya makara, tarar sidi 500 ce, da ƙarin sidi 10 kowace rana. Kwana 90 ya zama sidi 1,400, ban da ruwan da ke hawa kan bashin.

Na san za a ce kwatocin unguwa na nan a toshe, ina harajin ke zuwa? Tambaya ce mai kyau, a yi ta da babbar murya. Amma da kuɗin hayar nan kake ciyar da yara, da shi kake shirin Makka.

Alhaji, Hajiya, don Allah a ɗauko littafin nan yau a gyara. Don Allah.